Yadda Sarkin Saiti Ya Ɗaure Tauraruwa Mai Wutsiya

A gidanmu na haya akwai wani bawan Allah da ko zakara bai kai shi son a ji muryarsa ba. Sana'arsa ɗaura dish a saman gidajen mutane, kuma shi da bakinsa ya naɗa kansa Sarkin Saiti. Mu da muke kwana muna tashi da shi muka sauke masa sarautar, muka bar shi da Saiti kawai. Ba za a hana shi haƙƙinsa ba, in ya ɗaure dish ko iskar da ke yaye kwano ba ta girgiza shi. Inda gizo ke saƙar shi ne, tun da ya ga yana wuni a kan rufi yana nuna faranti sama, sai ya ɗauka shi da sararin samaniya uwa ɗaya uba ɗaya suke.

"Duk abin da ke sama a tafin hannuna yake," haka yake faɗa ko ba a tambaye shi ba. "In na saita, na saita. In na ɗaure, na ɗaure."

Ana nan sai aka fara faɗa a rediyo cewa wata tauraruwa mai wutsiya ta fito, ana ganinta a yamma bayan faɗuwar rana. Mu a cikin gida ba ma ganin komai, don dogayen gine-gine sun tare mana yamma, ga fitilun titi sun haske sama sun mai da ita kamar ruwan wanki. Sai dai mutum ya hau saman benenmu, inda tankin ruwa da igiyoyin shanya suke.

Wadda maganar ta fi shiga ranta ita ce Kaka, wadda ta haifi mahaifin Saiti. Ɗakinta na ƙasa, kusa da famfo, ƙafafunta sun daina hawa matakala tuni, amma bakinta garau yake. Bai daɗe ba aka cire mata yanar ido a asibiti, ta dawo tana ganin har ƙurar da matar Saiti ta bari a bayan ƙofa.

Ta kira jikan nata ta ce, "Angona, zo ka ji. Wancan karon da irinta ta fito, ina kan gwiwa zan haifi ubanka. Na ji ihu a waje, ga tauraruwa, ga tauraruwa! Kowa ya watse ya bar ni, har ungozoma sai da ta leƙa ta dawo tana ba ni labari. Zazzaɓi ya kwantar da ni, kafin in miƙe ta tafi abinta. Tun ran nan abin yake tsaye a raina. Ka hau da ni sama in gan ta kafin in mutu."

Ta faɗi maganar ne tana dariya, amma duk wanda ke wurin ya san ba wasa take yi ba.

Saiti ya bugi ƙirji har sai da ya yi tari. "Amaryata, kwantar da hankalinki. Ba gani kawai ba, sai kin ƙirga gashin wutsiyarta ɗaya bayan ɗaya."

"Ni ba ƙirga na ce ba. Ka ɗora ni a kujera, in kalla da idona, tunda likita ya wanke min shi."

"Da ido? Ido tsirara, kamar kakar kowa? Kakar Sarkin Saiti guda? A ce me a gari? Madubin hangen nesa zan ƙera miki, irin wanda ba a taɓa gani ba a unguwar nan."

"Allah ya sa mu ji alheri," in ji matarsa daga bakin murhu, ba ta ko ɗago kai ba.

Abu na farko da ya yi, ya sa wa ƙofar saman bene kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu. Ya ce ba mai hawa sai ranar buɗewa, kada a lalata masa aiki da ido. Mata suka koma shanya a kan tagogi suna tsine wa tauraruwa da wutsiyarta.

Abu na biyu, ya buƙaci dogon bututu. Bai je kasuwa ba, ya zagaya bayan gida ya kwance wanda ke sauko da ruwan wanka daga hawa na sama. Shagon Tela yana daidai ƙarƙashin wurin. Washegari da safe Malama, malamar makarantar da ke zaune a sama, ta shiga wanka, Tela kuma ya fito da kekensa bakin shago don ya sha iska. Sai ji muka yi ya ƙwala salati.

Ya shigo tsakar gida, kumfa na zuba daga hularsa. "Saiti! Ina bututun bayan shagona?"

"Yana sama yana hidimar ilimi."

"Ni kuma ina ƙasa ina wanka da ruwan da wani ya riga ya yi wanka da shi!"

"Haba Tela, kai ma ka san ci gaba ba ya zuwa a bushe. Kwantar da hankalinka, kai ne za ka fara leƙawa ranar buɗewa. Af, ara min tabaranka in goge maka, duk kumfa ce."

Tela ya miƙa masa, don shi mutum ne da fushinsa ba ya hana shi yin wauta. Tabaran ya dawo da yamma da ido ɗaya. Ɗayan gilashin ya tafi hidimar ilimi shi ma. Ranar Tela ya ɗinke wa wani mutum aljihun riga a baya.

Da gilashin Tela a gindi, da gilashin fitilar wani mataccen babur a baki, madubi ya haɗu. Da magariba Saiti ya hau da Mai Walda, maƙwabcinmu, wanda ba ya tambayar dalilin aiki in dai an nuna masa inda zai liƙa. Suka kafa ƙarfen dish a cikin rabin duro, suka cika shi da siminti. Tauraruwar ta fito, Saiti ya hango ta can ƙasa-ƙasa, ya juya bututu dama kaɗan, sama kaɗan, har ya ga wani haske-haske a ciki.

"Tsaya nan! Ta shigo! Liƙe!"

Mai Walda ya liƙe. Saiti ya bi kowane noti ya ɗaure shi har sai da sifana ta yi kuka, sannan ya sa aka ƙara walda a kan notocin, don kada wani ɗan hassada ya kwance.

Yana saukowa ya tarar da Malama a matakala, ya tsaya ya ba ta labari tun daga farko.

Ta ce, "Ka liƙe shi? Baban yara, ai ba a liƙewa. Tauraruwar nan tafiya take yi. Tana gangarowa ta faɗi kamar rana, kuma inda ta fito yau ba nan za ta fito gobe ba."

Saiti ya yi mata irin murmushin da ake yi wa yaron da ya ce ya ga kifi a kan bishiya. "Malama, da girmanki. Dish nawa na ɗaura a garin nan? Wanne ne aka taɓa kira na aka ce abin da yake kallo a sama ya tashi ya koma wani wuri? Abin sama in ka same shi, ka same shi ke nan. Mu da muke aikin mu muka sani."

"Wancan daban, wannan daban."

"Duk sama ɗaya ce. Ke dai ki riƙe alli, ki bar mana sifana."

Malama ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ta wuce. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma wa zai faɗa wa Saiti ya ji?

Da a nan ya tsaya, da da sauƙi. Sai ya ce hasken titi zai dame aikin, dole a gina ɗakin kallo. Ya kwashe zannuwan gadon matarsa, da labulen falo, da tabarmin Kaka, da wani tsohon tamfol, ya zagaye madubin da su ta kowace fuska har sama, bai bar ko kafar allura ba sai ramin da bakin bututu ya leƙa. Igiyoyin ya ɗaure wasu a jikin ƙarfen madubin, wasu a tanki, babbar kuma a jikin sandar da wayar lantarki ta shigo gidan ta kanta. Sannan ya samo wata jarkar mai ruwan ɗorawa, ya yanke gindinta, ya huda gefenta ya zura ƙarshen bututun a ciki. Mai kallo zai cusa kansa ta ƙasa, duhu ya rufe shi, daga shi sai tauraruwa.

Duk wannan ya ci kwanaki. Kullum da yamma Kaka takan sa a fito mata da kujera tsakar gida, ta ɗaga kai tana kallon ɗan yankin saman da gine-gine suka bar mana.

"Angona, yau ne?"

"Saura fenti."

Washegari, "Yau fa?"

"Fentin bai bushe ba."

Sai aka faɗa a rediyo cewa hadari na tafe, daga gobe sama za ta rufe, kafin ta washe kuma baƙuwar ta yi nisa. Matar Saiti ta same shi yana rubuta sunansa a jikin bututu, ta tsaya a kansa riƙe da ƙugu.

"Ka ji abin da aka ce? Yau ce kaɗai ta rage. Tsohuwar nan ko abincin kirki ba ta ci tun jiya. Wallahi in ka sa ta rasa wannan, ni da kai ne a gidan nan."

"Ke matsalarki gaggawa. Yau ɗin nake jira dama. Babban abu ai a ranar ƙarshe ake yin sa."

"Ni dai ka ba ni makullin, in sa a hau da ita ta zauna a fili."

"A fili? Bayan duk wannan wahalar? Je ki ɗaura ɗankwalinki mai kyau, yau za ki san wa kika aura."

"Na daɗe da sani," in ji ta.

Kafin la'asar ta yi sanyi ya bi layinmu gida-gida yana shela. Mutane kuwa suka zo, don kallo kyauta ba ya rasa jama'a. Mai shagon kusurwa ya rufe shago, mai wankin mota ya zo da soso a hannu, mata suka zo da goyo. Aka ɗauko Kaka a kan kujerarta, Mai Walda a gaba, mai wankin mota a baya, Saiti kuma yana sama ba ya riƙe da komai sai umarni.

"Dama kaɗan! Sama! A'a, ka karkata!"

A kwanar matakala kujerar ta maƙale, ƙafa ɗaya a cikin ƙarfen dogarawa, Kaka tana lilo a kai.

"Ku dai kada ku kai ni lahira kafin ku kai ni sama," in ji ta. "In kuwa kun yar da ni, ku yar da ni ta yamma, ko na hango ta a hanya."

Da ƙyar aka fitar da ita, aka shigar da ita ɗakin kallo, aka ajiye ta a can ƙurya. Jama'a suka duru a bayanta har ba wurin sa ƙafa. Saiti ya ja labule ya ƙulle shi da waya, wai kada haske ya sato hanya. Cikin ɗan lokaci wurin ya zama kamar tanda, ga warin fenti, ga warin tsohon mai, ga jarirai sun fara gasar kuka.

Sai ya hau kan bulo ya fara jawabi. Ya fara daga ranar da ya fara riƙe sifana. Ya bi ta kan wani dish da ya ɗaura a saman asibiti ana ruwan ƙanƙara. Ta ƙasan tamfol muna ganin hasken rana yana ja, yana dushewa.

"Angona," in ji Kaka, "tauraruwar ma jawabin take jira?"

"Yanzu, amaryata. Tela, bismilla, alkawari kaya ne."

Tela ɗan ƙaramin kai gare shi kamar na allurarsa. Ya sunkuya, ya zura shi cikin jarka sumul. Aka yi tsit.

"Me ka gani?" in ji Saiti.

Muryar Tela ta fito daga ciki kamar daga rijiya. "Na ga wani abu."

"Yana da wutsiya?"

"Yana da ita kuwa. Doguwa."

Saiti ya juyo ya buɗe hannuwa. "Jama'a, kun ji da kunnenku! Malama, kina ina? A maimaita mata!"

Aka fara tafi. Wata mata ta rangaɗa guɗa.

"Saiti," in ji Tela, "ita tauraruwar tana da ƙafafu?"

Tafin ya tsaya.

"Wane irin ƙafafu?"

"Guda huɗu. Ga shi tana ɗaga kai tana kallona. Kai, wannan ai tsaka ce!"

Dariyar da aka yi sai da tamfol ya girgiza. Tela ya zaro kansa yana share hawaye daga ido ɗayan da ke gani. Saiti ya ture shi gefe.

"Matsa can! Mutumin da ke ɗinka aljihu a baya ne zai san tauraruwa? Kawo in gani."

Ga wani abu da Saiti bai lissafa ba. Tun da ya haɗa jarkar bai taɓa gwada ta da kansa ba, shi kuwa Allah ya yi masa baiwar kai, ga kunnuwa kamar marfin tukunya. Ya cusa, ta ƙi. Ya riƙe ta da hannu biyu ya danna da ƙarfin zuciya, bakin robar ya lanƙwashe ciki, kunnuwa suka wuce, muka ji fat!

"Yawwa," in ji shi daga ciki. "Yanzu za a ga aiki."

Muna jin numfashinsa yana kai da kawowa a cikin jarka.

"Tana ina?" in ji matarsa.

"Ba ta iso ba tukuna. Nan ne wurinta, nan na ɗaure ta. Makara ta yi."

Daidai nan muka jiyo ihu daga wani bene can tsallaken titi. "Ga ta can! Ga ta can! Kai, ku dubi wutsiya!"

Jama'a suka fara motsi, kowa na neman ƙofa. Saiti ya ɗaga hannu, kansa a jarka. "Kada wanda ya fita! Ta bogi suke gani! Ta gaskiyar ta nan za ta biyo!"

"Buɗe mana labule, malam!"

"Wayar ta ƙi kwantuwa!"

"Wa ya taka min yaro?"

A cikin hayaniyar na jiyo muryar Kaka, ba ƙarfi a cikinta ko kaɗan. "Ku fitar da ni. Don Allah ku fitar da ni in gani." Ba mai jin ta, kuma ko an ji, kujerarta na can ƙurya, jama'a sun danne ta ta ko'ina. Na ga ta sa gefen mayafi tana share ido. Raina ya ɓaci ƙwarai, don wasan ya daina zama wasa.

Ashe dannawar da Saiti ya yi ta tura gilashin Tela ya zame daga mazauninsa. Ita kuwa tsaka, da ta gaji da hayaniya, ta ga hanya ta buɗe, sai ta gangaro ta sauka a kan hancin Sarkin Saiti.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan daga bakin babban mutum ba.

"Wayyo! Ta shigo! Ta shigo!"

"Tauraruwar?" in ji Tela.

"Tsakar! Ku cire ni! Tana neman kunnena!"

Ya ja kai baya, kunnuwa suka ce ba mu san zancen ba. Shiga ta yi daɗi, fita ta gagara. Ya shiga harbin iska da ƙafafu kamar jakin da ƙuda ya dama. Mai Walda ya kama ƙafar dama, mai wankin mota ya kama ta hagu, Tela ya rungume ƙugu, matarsa tana faɗin a kawo sabulu.

"Ku ja!"

"Kada ku ja! Wuyana!"

"To mu bari?"

"Kada ku bari!"

Suka ja. Kai bai fito ba, noti bai kwance ba, walda ba ta saki ba, don gaskiya in Saiti ya ɗaure, ya ɗaure. Abin da ya saki shi ne duron simintin gaba ɗayansa. Ya karkata a hankali kamar mai tunani, sannan ya kife. Bututu ya karye a gindi. Ƙarfen ya fizgi igiyoyi, igiyoyi suka fizgi zannuwa da labule da tabarmi, babbar igiyar kuma ta fizgo sandar lantarki. Wayoyi suka haɗu suka yi tartsatsi, can bakin titi wani abu ya ce bum, sai unguwa gaba ɗaya ta yi ɗif.

Mata na salati, yara na kuka, kowa na fafutukar fita daga ƙarƙashin zanin gado. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo sai hular Tela da duro ya danne. Muka yaye tamfol daga kanmu ɗaya bayan ɗaya, kowa da zagin da ya tanada a bakinsa.

Ba wanda ya samu ya yi zagin. Faɗuwa ta zo daidai da zama, don da fitilun titi suka mutu sai sama ta dawo sama. Can yamma, nesa da inda bututun ya yi kwanaki yana nunawa, ga ta nan tsaye a kan sauran jan magariba. Kanta fari tas, wutsiyarta ta miƙe sama, doguwa, tana bajewa kamar an watsa gari a iska. Har jariran suka yi shiru.

Matar Saiti ce ta fara tunawa. Ta ture mutane, ta yaye labulen falo daga kan Kaka, ita da Malama suka juya kujerar ta fuskanci yamma.

Kaka ta ɗaga kai ta zuba wa tauraruwar ido. Hawaye na bin kumatunta ba ta share ba.

"Ashe haka kike," ta ce a hankali. "Ashe haka kike, 'yar nema. Sannu da zuwa."

Daga ƙasa, kusa da ƙafarta, wata murya ta fito daga cikin roba. "Me ya faru? Me ya sa aka yi shiru? Wa ya mutu?"

Saiti ne zaune dirshan a kan siminti. Tsakar ta samu hanya ta bakin jarka ta yi gaba, amma faɗuwar ta juya jarkar, ramin bututun ya koma ƙeyarsa, ta kuma cije a haɓarsa ta ƙi motsi. Gabansa ba komai sai roba ruwan ɗorawa.

Mai Walda ya ce, "Bari in sauka in ɗauko almakashin kwano. Amma fa sai an haska min fitila sosai, kada in haɗa da kunne."

"Kada wanda ya kunna min fitila a nan," in ji Kaka, ba ta ɗauke ido daga sama ba. "Yana numfashi?"

"Yana yi."

"To ku bar shi tukuna. Uban ya hana ni ta farko, ɗan ya so ya hana ni ta biyu. Ya zauna a ciki ya huta, mu ma mu huta."

Aka kwashe da dariya, amma a hankali, kamar ana tsoron kada a firgita baƙuwar. Saiti ya yi ta laluben iska har hannunsa ya samu ƙafar kujerar. Da ya yi magana, muryar ba ta Sarkin Saiti ba ce, ta wani ɗan yaro ce da Kaka ta taɓa goyawa.

"Kaka, kin gan ta?"

"Na gan ta."

"Da gaske? Ba don ki faranta min ba?"

"Yaushe na taɓa faranta maka? Na gan ta da idona biyu."

Ya yi ajiyar zuciya, jarkar ta amsa. "Yaya take?"

Kaka ta sunkuya ta sa bakinta daidai bakin jarkar da ke saman kansa. Ta shiga faɗa masa, kanta kaza, wutsiyarta ta kai daga saman tankin maƙwabta har kusan tsakiyar sama, ga wani siririn reshe ya rabu ta gefe, ga shi yanzu tana sunkuyawa bayan dogon ginin can. Shi kuma yana ta gyaɗa jarka. Rabin jama'a na kallon sama, rabi na kallon su, an rasa wanne ya fi.

A haka tauraruwar ta gangara, kan ya fara nutsewa, wutsiyar ta bi shi a hankali har ta ƙare. Ta gabas kuma hadari ya fara walƙiya.

Sai a lokacin Kaka ta ce a kunna fitila. Mai Walda ya tsaga jarkar tun daga ƙeya, aka ɓare ta kamar gyaɗa. Kan Saiti ya fito jiƙe sharkaf da gumi da tsohon mai, kunnuwa sun yi jawur. Bai kula kowa ba, ya miƙe da sauri ya juya yamma.

Ba komai a wurin sai taurarin kullum.

Ya duba dama, ya duba hagu, ya hau kan duron da ya kife ya yi ɗage. Daga ƙasa muna jiyo mutanen layi suna tambayar wane ɗan albarka ne ya kashe musu wuta, mai gidan haya kuma yana hawowa matakala yana kiran sunansa tun daga hawa na farko. Duk muka zuba wa Saiti ido muna jiran cika bakin da zai rufe wannan kuma. Tela har ya gyara tsayuwa ya tanadi amsa. Duk unguwa, daga mai goyo har na goye, kowa ya ga tauraruwa mai wutsiya, ban da mutum ɗaya.

Saiti ya sauko daga duron ya tsuguna gaban kakarsa, kai a ƙasa. Ta kama kunnen nan da ya kumbura, ta murza shi kaɗan don ya ji, sannan ta shafa masa kai.

"Kada ka damu, angona, wata za ta zo," in ji ta. "Ka samu kujera ka zauna. Jira ba ya kisa, ga ni."